Rigar Shekarau

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, ma'abucin tsantseni da zuhudu, wanda harshensa bai gushe ba yana ambaton Ubangijinsa, ba a kuma taɓa ganin gaggawa a lamarinsa ba. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da wani tela, ɗalibinsa.

Matar telan ta sami ciki, wata tara ya cika, na goma ya wuce, na sha ɗaya ya kama, shiru kake ji. Ƙafafunta suka kumbura, ungozoma ta gaji da zarya, likita ya ce in jibi ta yi ba labari sai wuƙa, kuma bai yi alkawarin uwa da ɗa za su tsira duka ba. Tela ya rasa inda zai sa kansa. Ya hau keken ɗinki ya sauka, ya leƙa gida ya dawo shago, har ya ɗinke wa wani bawan Allah bakin aljihu ruf. Sau biyu a baya yana ɗinka rigar jariri tun kafin haihuwa, sau biyu ana binne jaririn rigar na ninke, don haka wannan karon ya ƙudurta allurarsa ba za ta taɓa ƙyallen jariri ba.

Ya je ya durƙusa gaban Shehu, ya faɗa masa halin da ake ciki. Shehu, Allah Ya haskaka makwancinsa, ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ka ɗinka masa riga?"

"Allah gafarta Malam, tsoro nake ji."

"Riga ba ta kashewa, ba ta rayawa. Je ka ɗinka, ka yalwata ta. Baƙon naka ya girma."

Tela ya koma shago ya hau ɗinki, zare na tsinkewa yana sake zurawa. Bai kai ga yanke zaren ƙarshe ba sai ga ƙanwarsa a ƙofar shago, ko takalmi babu: an sauka lafiya, namiji ne, uwar har tana neman ruwa. Rigar ɗan wata uku ya yanka, ta kuwa zauna wa jaririn cif. Tela ya kifa kai kan keke ya yi kuka har ya gode Allah.

Ranar suna Shehu ya raɗa wa yaron sunan yanka, amma kakarsa ta ce wanda ya kusa shekara a ciki Shekarau ne, haka magabata ke kiran irinsa, mace kuma Shekara. Sunan da kaka ta sa shi ya bi shi har ya yi furfura.

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinsa salihai. Allah Ya ɗaukaka darajar Shehinmu, Ya sa albarkarsa ta bi mu da zuriyarmu, Ya sauki masu ciki lafiya. Amin.