Sawu Arba'in Babu Fasinja

Ga ta nan tafe, ga ta gare ku!

Ta iso mu ji ta!

A garin dabbobi, Jaki da Raƙumi ne ke jigilar jama'a zuwa kasuwa, kullum suna rigimar fasinja. Sai Sarki Zaki ya ce zai tallafa, duk wanda ya fi yawan sawu a yini yana da damin dawa.

To, tsayawa ɗaukar fasinja ɓata lokaci ne, sai suka daina tsayawa.

Kunkuru ta fito bakin hanya da kwandon tumatirinta, abincin 'ya'yanta ke nan. Ta ɗaga hannu: "Malam Jaki, kasuwa!"

"Yi haƙuri Iya, Raƙumi ya fi ni da sawu biyu!" Fiu, ya wuce.

Ta tare Raƙumi. Ya ce, "Matsa Iya, ga Jaki nan bayana!"

Har yamma suna zirga-zirga ba kowa a bayansu, tumatir ya ruɓe. Kunkuru ta kama hanyar fada, kwana uku tana tafiya.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, tallafinka ya hana mu abin hawa!"

Zaki ya dubi Dila, mai ƙidayar sawu. Dila ya ce, "Sawu arba'in jiya, ba a taɓa yin haka ba."

Zaki ya ce, "Madalla, a ƙara musu dami! Ke kuma, wa ya kawo ki nan?"

"Ƙafata!"

"To, ba ga shi kin iso ba?"

Ƙurunƙus! Nan ta tsaya, sauran yana kan ɓera.