Yanzu-Yanzu da Akwatin Hotunan Baba

A unguwarsu babu mai kiransa da sunan yanka, kowa Yanzu-Yanzu yake ce masa. Gwani ne wajen gyaran kwamfuta, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai Allah ya yi shi da gajen haƙuri, mutumin da ko shayi aka miƙa masa sai ya ƙona harshe.

Yayarsa ce take riƙe da shagon ɗaukar hoto da mahaifinsu ya bari. A ƙarƙashin teburinta akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin kwamfutar nan da aikinta ajiya kawai. Ba shi da allo, ba shi da kibod, ko ramin jona su ma babu, sai fanka da 'yar koriyar fitila. A cikinsa akwai manyan faifai biyu, kowanne kwafin ɗan'uwansa ne. A nan duk hotunan marigayi Baba suke, domin na takarda ruwa ya lalata su shekarar da rufin shagon ya yi yoyo.

Da akwatin ya tsufa, kamfanin da ya ƙera shi ya daina sabunta masa manhaja, sai ya fara gardama. Yau ya buɗe, gobe ya ƙi.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji Yanzu-Yanzu. "Linux zan sa masa, manhajar kyauta ce, kowa yana iya duba cikinta ya gyara. Sai ya koma ɗanye shakaf."

"To, amma ka bi a hankali, ka san abin da ke ciki."

"Haba Yaya! Yanzu-yanzu zan gama."

Tunda akwatin ba shi da allon da zai yi tambaya a ba shi amsa, sai ya zuba manhajar a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya tsara mata umarni tun daga farko: ta goge faifan da ta fara gani, ta zauna a kai. A lissafinsa, wani ɗan ƙaramin faifai na uku da aka tanada a cikin akwatin don manhaja za ta fara gani. Duk mai wannan sana'a ya san ƙa'ida, ana zare faifan ajiya a ajiye gefe kafin a fara. Shi ma ya sani sarai. Amma kusoshi ne suka riƙe murfin, sukudirebansa kuma yana gida, shi kuwa gogan naka ina zai iya komawa? Ya soka filas, ya danna maɓalli.

Fanka ta yi ta kuka, fitila tana ƙyaftawa. Da ta tsaya, ya shiga akwatin ta laftof ɗinsa, ga sabuwar manhaja tana aiki sumul. Har ya fara murmushi, sai idonsa ya kai kan girman faifan da ta zauna. Ɗaya daga cikin manyan ne ta share tas.

"Lafiya kake gumi haka?" Yaya ta tambaya.

Ya faɗa mata gaskiya. Ta yi salati, ta zauna daɓas a kujerar masu jiran hoto.

"Kar ki damu, na biyun yana nan. Bari in umarci akwatin ya haɗa su, su kwafi juna yanzu-yanzu."

Yaya ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta san ƙaninta. Ta miƙe, ta sa shi ya kashe akwatin, ta zare wayar wutar ta jefa a jakarta ta zuge. "Wallahi ba ka ƙara taɓa shi sai ka kira Dogo."

Dogo abokin aikinsa ne, tare suka koyi sana'a. Da ya iso ya ji bayani, sai ya riƙe baki. "Mutumina, da ka haɗa su, wa zai kwafi wa? In wanda aka goge ne ya hau kan mai ran fa? Ai da shi ke nan, an gama."

Suka kwance murfin da sukudireban Dogo, suka zaro faifai na biyu kamar masu ɗaukar jinjiri. Dogo ya jona shi a kwamfutarsa ta yadda sai dai a karanta, ba a iya rubuta komai a kai, ya fara kwashe abin da ke ciki zuwa wani sabo. Tsohon faifai ne, tafiyarsa ta hawainiya. Tun hantsi ake abu ɗaya har rana ta yi sanyi. Yanzu-Yanzu ya cusa hannayensa a hammata, yana ta addu'a a zuci, domin tsoro ya kama shi ba kaɗan ba.

Da kwafin ya kammala, Yaya ta buɗe da kanta. Ga Baba nan da kyamara rataye a wuya, yana dariya. Ga Mama, ga tsohon gidansu, komai yana nan. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na zuba tana hamdala. Shi kuwa ya zauna a ƙasa.

Can ta tsaya a kan wani hoto na iyali. Kowa ya fito raɗau, sai wani ɗan yaro a gefe da fuskarsa ta yi dishi-dishi, Baba ya riƙo shi ta wuyan riga.

"Ga ka nan," ta ce tana share ido. "Ko a nan ma ka kasa tsayawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Washegari ya zo da sukudirebansa, ya sa wa akwatin manhajar babu faifan ajiya ko ɗaya a ciki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewa ba ta isa ba in babu haƙuri. Na'ura ba ta san abin da kake nufi ba, abin da ka umarce ta kawai take yi. Kafin ka taɓa amanar da babu madadinta, ka keɓe ta a wuri mai aminci, ko da hakan zai ɓata maka lokaci. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya ka nemi shawara, kada ka gyara ɓarnar gaggawa da wata gaggawar.