Yadda Kura Ta Ɗauki Babur a Ka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko a ƙafa ko a kan babur.

Kurege ne dai, wannan da kuka sani, wanda in ya ji ƙanshin gyaɗa hankalinsa kan bar jikinsa. Wata safiya yana bakin raminsa yana shan hantsi, sai ga Kura tafe tana ɗingishi, da buhu a ka. Ta sauke buhun ta zauna a kai tana haki.

Kurege ya shaƙi iska, ya ji gyaɗa ce. Ya ce, "Sannu da hanya, Gwaggo Kura. Ina aka nufa da kaya haka?"

Kura ta ce, "Gidan Zaki za ni, can Dutsen Marke. Matarsa ta haihu, yau suna, an ce har raƙumi za a yanka. Ga nisa, ga ƙafata ta matsa mini. Wannan kuwa a bakin titi na tsinta, daga mota ya faɗo. Na zaci nama ne, na buɗe na ga tarkace."

"Tarkace ne kam," in ji Kurege, yana haɗiyar yawu. "Ki bar mini shi in zubar miki, ni kuma in kai ki a babur ɗina."

"Kana da babur?"

"Zauna nan, yanzu zan fito da shi."

To, Kurege ko keke ba shi da shi. Amma ya san mai babur. Tsoho Kunkuru ya taɓa sayen wani tun yana da sauran ƙuruciya. Ranar da ya fara hawa ya ga itatuwa na wuce shi a guje, jiri ya kwashe shi, ya sauka ya turo abinsa gida. Daga nan ba ya hawa sai jefi-jefi, daga baya ma ya jingine shi a zaure, gefen da rana ke leƙowa. Yakan dai goge shi, ya tayar da injin ya ji ƙara, ya kashe.

Kurege ya je ya durƙusa ya ce, "Baba Kunkuru, aron babur na zo. Mara lafiya zan kai."

Kunkuru ya ce, "Ga shi nan, injin lafiya lau. Tayoyin ne ban yarda da su ba. Sun daɗe a tsaye. Ka fara biyawa ta wurin Bushiya mai faci ta duba maka."

Kurege ya duba tayoyi. Zanensu raɗau, ko gashin robar nan na sabuwar taya bai gama kaɗewa ba. Ya ce, "Baba, ai waɗannan sababbi ne. Ina suka je da za su tsufa?"

Kunkuru ya ce, "Ni ma ina na je? Ga ni kuwa na tsufa."

Kurege ya sa farce ya danna roba, ya ji ta ƙandare kamar busasshiyar fata. Ya leƙa gefe, ya ga ta tsattsage sirara-sirara kamar fason dunduniya. Ya gani da idonsa. Amma rumfar Bushiya tana can gaba, buhun gyaɗa kuwa yana nan kusa. Sai ya shafa wa tayoyin baƙin mai suka yi ƙyalli, ya ɗauki famfo ya ɗura musu iska, ya ɗura, ya ɗura, har suka yi tam.

Ya zo ya ɗaure buhu a baya, Kura ta hau ta zauna, babur ya lotsa. Suka kama hanya.

Suna tafiya, suna tafiya, rana ta take, ƙasa ta yi zafi. Kura tana cewa, "Ƙara wuta, kada a cinye tozon." Kurege yana ƙarawa. Tana cewa, "Ƙara wuta, kada a cinye hanta." Yana ƙarawa. Sun kai tsakiyar daji ke nan, sai tayar baya ta ce fau! Babur ya yi rawa, ya yi rawa, ya kwashe su ya zubar cikin sabara.

Kurege ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Kura ta tashi da ƙasa a baki. Ta dube shi, ta lashi leɓe, ta ce, "Kurege, nama ka hana ni. To ga shi kai ma nama ne, ko da yake ba ka da auki."

Kurege ya waiwaya. Raminsa ya yi nisa, ga Kura ta tare gaba. Sai ya kwanta rub da ciki, ya sassauta murya ya ce, "Gwaggo, sunkuya. Ba ki ji ƙarar bindiga ba?"

"Bindiga?"

"Maharbi ne. Ke ya auna, Allah ya sa na gan shi na karkata babur, ya sami taya. Yanzu yana can yana ɗura wani albarushin."

Kura kuwa kun san ta da tsoro. Nan take ƙafarta ta warke. Ta ce, "Mu bar babur ɗin mu gudu."

Kurege ya ce, "In muka bar shi, maharbin zai hau ya bi mu. Ki kama ƙahon babur ɗin ki ja, ni in hau in riƙa duba miki baya."

Kura ta kama, ta ja a guje, Kurege na bisa yana rungume da buhu. Suna gudu, suna gudu, tayar gaba ta daki dutse, ita ma ta ce fau!

"Ya sake harbi," in ji Kurege. "Ya matso."

Kura ba ta tsaya tambaya ba. Ta sunkuci babur, da Kurege, da buhun gyaɗa, ta aza a ka. Ta keta ƙaya, ta tsallake kwazazzabo, ba ta dire ba sai a rumfar Bushiya mai faci, a mararrabar da ke gangarawa Dutsen Marke.

Bushiya ta fito tana goge hannu. Ta juya taya, ta lanƙwasa robar, robar ta dare a hannunta. Kura na haki ta ce, "Ciro mana harsashin mu gani."

Bushiya ta ce, "Wane harsashi? Babu harsashi a nan. Wannan aikin shekaru ne."

Kura ta juyo ta dubi Kurege a hankali. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "Ashe shi ne. Gwaggo, kin ji wanda ya bi mu? Shekaru. Maharbin da ba ya barin harsashi."

Kura ta ce da Bushiya, "Kin san shi?"

Bushiya ta dubi Kurege, ta ga yadda jelarsa ke kaɗawa, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Kowa ya san shi. Ko a ɗaka ka ɓoye abu, sai ya same shi."

"Ni ma yana nemana?"

"Yana neman kowa, sai dai ba ya sauri. Yau kam kin tsira."

Kura ta rungume Kurege har ƙasusuwansa suka yi ƙara. Ta ce, "Ka ceci raina, ɗan nan. Daga yau duk wanda ya taɓa ka, ni ya taɓa."

Bushiya ta jawo sababbin tayoyi ta sa. Da ta gama ta ce, "Saura ladan aiki, da na rufin baki." Tana faɗa tana kallon buhu. Kurege ya kalli buhu, ya kalli haƙoran Kura, ya kalli buhu. Ya tura mata shi da hannunsa, idonsa na ƙwalla. Bushiya ta damtsi gyaɗa ta cika masa kumatu biyu, ta ce ya riƙa taunawa a hanya.

Suka hau, babur ya riƙe ƙasa, ya sha kwana bai ko girgiza ba. Suka isa gidan Zaki ana tsakar rabon nama. Kura ta sami ƙashin cinya da ɓargonsa, ta zauna tana ba baƙi labarin yadda ta tsere wa Shekaru da babur a ka. Giwa ta ce ita ma ta ji ana faɗin sunansa. Kafin la'asar duk wanda ya zo da abin hawa ya fita ya tsuguna yana danna tayarsa da farce, yana leƙen gefenta. Da aka tashi, baƙi suka yi ta rububin Kurege ya mai da su gida, wai shi ne direban da harsashi ba ya samu. Wannan ya ba shi ƙuli-ƙuli, wancan ya ba shi dankali, har ya rasa inda zai zuba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya yi mini kaɗan, a ba ni na gafiya. Wanda duk ya ga tsohuwar taya da fuskar amarya, ya danna ta, ya leƙa gefenta, ya kai a duba masa. In kuwa ya ƙi, to kada ya kuskura ya fita sai da Kura a bayansa, don ya sami mai ɗauko shi.