Gonar da Maccido Ya Juya wa Baya

Akwai wani mahauci a Maradun mai suna Maccido, wanda duk karar shanun Talata Mafara an san shi da hali ɗaya. In ya taya sa aka ce albarka, sai ya kaɗe riga ya juya baya. Kafin ya yi nisa za ka ji dillali yana kwaɗa masa kira, an sallama. Da wannan ya ci kasuwa shekara da shekaru, har ya ɗauka duniya ma haka ake cinikinta.

Da aka zo gina dam ɗin Bakolori, ruwa ya ci gonar da ya gada. Bayan doguwar jeka-ka-dawo aka biya shi diyya. Matarsa Tabawa ta roƙe shi kada kuɗin su kwana biyu a ɗaka, ya nemi wata gona, don ɗansu Tukur ya taso kuma ƙasa ce kaɗai abin da za su bar masa.

Aka yi dace wani dattijo a Bakura, Malam Labbo, zai sayar da gonarsa. Ƙasa mai kyau, kuma kuɗin Maccido sun isa har da ragowa. Amma hali zanen dutse. Ya taya da wulaƙanci, dattijon ya ce albarka, shi kuwa ya kaɗe riga ya hau kekensa, yana tafe yana kasa kunne.

Ba wanda ya kira shi.

A gida ya ce wa Tabawa ta kwantar da hankalinta, tsohon da ƙafarsa zai biyo shi. Abin da bai lura da shi ba, zamani ya juya. Ma'aikata sun cika gari da albashi a aljihu, waɗanda ruwa ya tasa kowa gona yake nema. Tiyar gero ta wannan Talata ba ita ce ta Talata mai zuwa ba. Shi kansa kullum tsinken tsirensa ƙara ƙanƙancewa yake, amma ya rantse farashin gona zai sauko.

Da girman kan ya sake shi ya koma Bakura, Malam Labbo ya dube shi da tausayi ya ce, "Maccido, na yi jiranka har damana ta kama. Wanga zamani ba a kiran mai tahiya. Gona ta yi mai ita."

Maccido ya zaga Ruwan Gizo, ya zaga ƙauyuka. Kuɗin da a da za su sayi gona sukutum, yanzu ko rabinta ba su kai ba. Ya sake cewa bari a jira. Cefane kuwa ba ya jira, haka diyyar ta bi tukunya kaɗan-kaɗan har ta ƙare.

Shekarar da Tukur ya yi aure, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa kamar yadda kowane saurayi ke yi, yana neman a yanka masa gayauna.

"Baba, bana wane wuri za ni nomawa?"

Maccido, mutumin da bai taɓa rasa ta cewa a kasuwa ba, ya sunkuyar da kai. Da damina ta faɗi, Tukur ya saɓi fartanya ya tafi ƙwadago gonar mutane.

Darasi: Dabarar jiya ba lallai ta yi aiki yau ba. Lokacin tsada kuɗin ajiya narkewa suke yi, kuma girman kai ya fi komai tsada. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai farga tun da sauran lokaci.