Ƙarfina Ne, Ban Ara Ba

An yi wani mutum mai walda a Sabon Gari. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da rai, kuma shi da bakinsa ya ba ni izini in faɗa wa matan zumunta abin da ya same shi. Ƙofofi da tagogin ƙarfe yake yi, kuma ya iya aikinsa. Ƙila ma ƙofar da wata a cikinku ta rufe yau da safe, shi ya haɗa ta.

A bayan shagonsa, wajen Unguwar Gabas, akwai wani kango marar rufi da ake kira gidan ƙarfe. Babu na'ura ko ɗaya a ciki. Sanduna ne da benci, da ƙarafan tsofaffin motoci, da siminti da aka zuba a gwangwanaye ya daskare. Da yamma makanikai da 'yan kasuwa da ɗalibai daga Samaru sukan taru su ɗaga. Mijina Othniel, malamin firamare ne a nan Samaru, shi ma can yake zuwa a keke. Tica suke ce masa.

Kowace Litinin ɗin Ista suna yin gasa. Wanda ya fi kowa ɗagawa, sai a rubuta sunansa da shekarar a bango da farin fenti. Ladan ke nan, babu wani. Kafin a fara, kowa zai tuɓe riga, a auna shi a sikelin da ake arowa wurin mai masara. Sannan ya ɗora hannun dama a kan sanda, ya ce a gaban kowa: "Ƙarfina ne, ban ara ba."

Ya 'yan uwa, wannan maganar ita kaɗai ce gwajinsu. Ba a ɗiban jini, ba a ɗiban fitsari. Bakin mutum ne kawai, da Allah da yake ji.

Wanda ya kafa gidan wani dattijo ne, Baba Gregory, tsohon ma'aikacin reluwe. A 2002 ya yi haɗarin mota, ya ji rauni a gabansa. Bayan ya warke sai likita ya gano jikinsa ya daina yin sinadarin nan da ke riƙe ƙarfin namiji, wanda suke ce wa testosteron. Aka sa shi a allura duk bayan mako uku, da kati, da gwajin jini. Wannan magani ne, babu laifi a cikinsa. Amma kun san abin da Baba ya yi? Ya tara su ya faɗa musu komai, har abin da namiji yake jin kunyar faɗa. Ya ce daga yau ba zai iya ɗora hannu a sanda ya ce bai ara ba, saboda haka ya bar gasa, zai zama alƙali.

Wata rana mai walda ya kai Baba asibiti a babur. Ya ga kwalin allurar, ya ɗauke shi bayan an yar, ya sa a aljihu. Ya kai wani kemis da ba ya tambayar takardar likita. Abin da Baba yake karɓa sau ɗaya a mako uku domin ba shi da nasa, shi ya riƙa zuba wa jikinsa sau biyu a mako, alhali nasa lafiya lau. Daga baya ya ƙara da ƙwayoyi.

Ya ci gasar 2003. Ya ci ta 2004, ya ci ta 2005. Duk ukun mijina ne na biyu. Akwai wani makanike mai barkwanci, Sati, da yakan ce a ba Tica fenti mai ruwan toka ya rubuta sunansa a ƙasan bango, inda kaji za su riƙa karantawa. Lokacin ba mu yi aure ba, amma ya faɗa mini yakan yi dariya a can, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Baba Gregory ya ga alamu, domin ya san maganin. Kafaɗun mutumin sun cika cikin 'yan watanni, ƙuraje sun fito masa a baya, ya fara faɗa a kan abin da bai kai ba. A shekara ta uku ya ƙi cire singileti wajen awo, wai yana mura. Baba ya ja shi gefe ya tambaye shi. Mutumin ya rantse bai ara ba. To me Baba zai yi? Kalmar mutum kaɗai aka ba shi ya yi alƙalanci da ita.

Yanzu ku zo mu shiga gidan mai walda.

Matarsa Akunna tela ce, tana da shago a kasuwar Samaru. Da yawanku ita ta ɗinka muku kayan zumunta. Ita ta ɗinka mini kayan aurena. Sun yi aure a 2002, watanni kaɗan kafin ya ɗauki kwalin nan, kuma shiru, babu ciki. Uwar mijin ta zo daga gida ta zauna wata biyu tana ƙirga mata kwanaki. An ba ta saiwoyi masu ɗaci, an kai ta wurin masu addu'a, ta yi azumi har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Tana ɗinka wa jariran wasu riguna, ta ninke da kyau, ta miƙa da murmushi.

Likitan mata ya duba ta ya ce bai ga komai ba, ta zo da maigida. Sau uku tana roƙon mijin. Ya ce ta dube shi da kyau, mutumin da sunansa yake bango har sau uku, shi ne za a ce yana da matsala? Gaskiyar ita ce yana tsoron a ɗebi jininsa, jinin ya faɗi abin da bakinsa ya ɓoye. Ya gwammace matarsa ta ci gaba da shan ɗaci da a taɓa farin fentin nan.

Ina so in faɗi nawa laifin, domin ban zo nan in nuna wani da yatsa in koma gida da tsabta ba.

A cikin azumin Ista na 2006, muna da wata biyar da aure, na zazzage jakar makarantar mijina zan wanke. A cikin kwalin alli na ga ƙananan kwalabe biyu a naɗe da jarida. Na ajiye su a gefen kwanon abincinsa. Da ya dawo ya gani, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce mai walda ne ya ba shi, ya ce masa, "Tica, kar ka tsufa a na biyu. Riƙe wannan." Ya ce bai yi amfani da su ba, domin ba zai iya ɗora hannu a sanda ya faɗi maganar nan ba. Na ce to ya zubar. Ya ce in bari sai bayan Ista. In ya sake zuwa na biyu, zai yi tunani.

Na yi shiru. Na ɗauka maganar wasan maza ce, ba ta shafi kowa ba. A makon nan na zauna kusa da Akunna a taron addu'a, na riƙe hannunta muna roƙa mata haihuwa, alhali abin da ya hana ta yana cikin kwalin alli a ɗakina. Ban sani ba. Amma ban tambayi kowa ba, kuma muna da nas biyu a zumuntar nan.

Litinin ɗin Ista ta zo. Rana tsaka, mutane har kan katanga. Mai walda ya ɗora hannu a sanda ya faɗi maganar, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya riga ya wuce kowa, ya ci, amma ya ce a ƙara masa nauyi, yana so ya kafa abin da ba za a taɓa kamowa ba. Baba ya ce ya isa haka. Mai walda ya ce a ƙara.

Ya kwanta a benci, ya sauke sanda a ƙirji, ya fara turawa. Sai aka ji wani abu kamar an yage sabuwar atamfa. Hannunsa na dama ya saki, ƙarfen ya dawo masa a ƙirji. Othniel da Sati ne suka ɗage shi. Naman ya yi ƙarfi fiye da jijiyar da ta riƙe shi, jijiyar ta tsinke daga kafaɗa.

A asibiti aka yanke singiletin da almakashi. Likita ya ga bayan, ya ga ƙirjin da ya kumbura kamar na budurwa, ya ce kafin a shiga tiyata dole ya san abin da yake sha. Akunna tana tsaye riƙe da takalmansa. A nan ya faɗi gaskiya. Likita ya tambaya ko suna da yara, aka ce babu. Ya yi musu bayani a hankali, cewa in ana zuba wa jiki wannan sinadarin daga waje, jiki yakan daina yin nasa, ƙwayoyin haihuwa ma su tsaya.

Akunna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Maigida, ranar da na durƙusa na roƙe ka mu je gwaji, kana yi?"

Ya ce yana yi.

Ta yi jinyarsa mako biyar, tana kai abinci, tana wanke shi. Ranar da aka sallame shi ta kai shi gida, ta gyara masa gado, ta ɗauki kekenta na ɗinki ta tafi wurin yayanta a Jos. Har yau ba ta dawo ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce ta dawo.

Hannun mai walda bai koma daidai ba. Ba ya iya ɗaga ƙofa, shagon ya koma hannun wani. Da ya daina allurar jikinsa ya zube, domin nasa sinadarin ya ƙi tashi. Yanzu yana zama a layi ɗaya da Baba Gregory a asibiti, da katinsa a hannu, likita yana auna masa. Maganar haihuwa an ce ƙila ta dawo, ƙila ba za ta dawo ba. Ya 'yan uwa, a kan me? A kan suna a bangon kangon da ko rufi ba shi da shi?

Amma Ubangiji bai bar shi a nan ba, kuma wannan ne ya sa nake godiya. Wata huɗu bayan gasar nan ya zo gidan ƙarfe da gwangwanin fenti a hannun hagu. Ya faɗa musu komai, ya shafe sunansa duka uku, ya miƙa wa mijina burushi ya ce shekarun nan nasa ne, ya rubuta. Othniel bai karɓa ba. Ya buɗe jaka ya fito da kwalin alli, ya ce shi ma ya sani ya yi shiru, kuma saura kaɗan ya bi. Baba Gregory ya fasa kwalaben biyu da dutse. Aka bar wuraren uku babu suna, haka suke har yau.

A watan Yunin 2007 na haifi Ƙauna. In ina yi mata wanka, nakan tuna cewa mijina ya ce zai yi tunani bayan Ista. Ba wayona ne ya hana shi ba, ba ƙarfin halinsa ba ne kuma. Allah ne ya yi mana jinƙai, ya nuna mana ƙarshen hanyar kafin mu taka ta. Ina gode masa, ina gode wa Baba da ya faɗi gaskiya tun farko, ina kuma gode wa mutumin nan da bai ɓoye kunyarsa ba.

Darasin a fili yake. Magani ɗaya ne a hannun mutum biyu. Ɗaya ya karɓa domin ba shi da lafiya, ya faɗa a gaban kowa, ya haƙura da gasa, yana nan da mutuncinsa. Ɗaya ya ɗauka a ɓoye domin ya ƙwace abin da ba nasa ba. Ya ɗauka abokan wasansa kaɗai yake cuta, ashe matar da take kwana a gefensa ce ta fi kowa biya.

Saboda haka, iyaye mata, in kin ga kwalba ko ƙwaya a jakar mijinki ko ɗanki, babu kati babu takardar likita, kar ki yi irin shiruna. Ki kai wa nas ta karanta miki. In jikin ɗanki ya cika cikin wata uku, kar ki tsaya yabo, ki duba bayansa, ki tambaye shi. In haihuwa ta yi jinkiri, ku je gwaji ku biyu, kar a bar mace ita kaɗai da ɗaci. Ku gaya wa maza wannan, in ba za su ji daga gare mu ba, fasto ya gaya musu. Yaron da ya zo na biyu da gaskiya kuma, ku dafa masa abinci mai kyau ranar.

Ya Uba, mun gode da ƙarfin da ka ba kowa daidai gwargwadonsa. Ka share wa Akunna hawaye a inda take. Ka warkar da bawanka da ya tuba. Ka riƙe hannun mazanmu da 'ya'yanmu, kar su ɗora shi a kan ƙarya. Allah ya kiyaye mu da gidajenmu, cikin sunan Yesu. Amin.