Zuma a Kan Attaruhu

Akwai wani mutum da yake da talotalo guda, ƙato, mai girman kai irin na mai shi. Wata rana talotalon ya tsallake danga ya cinye dashen tumatirin maƙwabci. Maƙwabcin ya zo da sallama ya faɗi abin da ya faru. Maimakon mutumin ya ba da haƙuri, sai ya ce a gaban jama'a, "Wannan ɗan lambun naka har ya isa a kawo ƙara? Ai ko talotalon bai ƙoshi ba."

Tare suka tashi tun suna yara, benci ɗaya suke zama a majami'a. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Abin ya dami mutumin ƙwarai, gama ba shi da aboki kamarsa. Amma "ka yafe mini" ta fi masa dutsen niƙa nauyi a baki.

Sai ya ce a ransa, "Abin da baki ya ɓata, ciki zai gyara." Ya yanka talotalon, ya kai naman inji aka niƙa, ya aika a kira maƙwabcin cin abinci. Matarsa ta ce ya bari ta dafa, ya ce a'a, shi girkin sha yanzu magani yanzu zai yi. Mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba!

Ya dafa shinkafa, ya soya naman da albasa, ya ga jajjage a turmi ja wur, ya juye duka. Nan take gidan ya ɗauki atishawa.

Matar ta ce, "Maigida, wannan fa attaruhu ne, ba tattasai ba. Sauke mu sake wani."

Ya ce, "Ina lokaci? Miƙo mini zuma."

Ya kwarara zuma har naman ya yi ƙyalli, ya zuba a kan shinkafa cikin kwano. Bai ɗanɗana ba.

Maƙwabcin ya zo, don mutum ne mai kara. Suka yi addu'a, ya kai loma. Da fari zaƙi ya ji, har ya gyaɗa kai. Can sai attaruhu ya taso daga ƙarƙashi. Gumi ya keto masa, ya ce, "Wayyo Inna! Ashe haka duniya take?"

Mutumin ya tuntsire da dariya. "Baban Rifkatu, santi kake yi? Lalle girki ya yi daɗi!" Ya ƙara tura masa nama.

Maƙwabcin ya ce, "Ruwa… rijiya…"

"Kai, santi har da rijiya!"

Sai maƙwabcin ya share hawaye ya tura kwanon gabansa ya ce, "Baban Ishaya, ai ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai. Sa hannu."

Mutumin ya danƙaro loma irin ta mai alfahari ya kai baki. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Cikin tari ya ce, "Don Allah ka yafe mini!"

Maƙwabcin ya ce, "Na wanne? Na shinkafar, ko na maganar ran nan?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. Ya ce, "Duka biyun, ɗan'uwana."

"Na yafe. To, yanzu a ba mu ruwa."

Ma'anar wannan misali ita ce: attaruhu shi ne maganar da muka yaɓa wa ɗan'uwa ta ƙona shi. Zuma kuwa ita ce kyauta da fara'a da muke zubawa a kai don kada mu ce mun yi laifi. Zuma ba ta fitar da yaji, ɓoye shi take yi har sai an haɗiye. Mu kuma, da yake ba mu ɗanɗana abin da muka dafa wa mutane ba, suna kuka muna cewa santi ne. Allah ma ba ya karɓar baiko, wato kyautar da ake kai masa, a madadin tuba. Saboda haka, in akwai wanda ka ƙona da bakinka, kada ka aika masa da kwano. Tashi ka je da ƙafarka, ka buɗe bakin nan da ya yi ɓarnar, ka ce, "Na yi laifi, ka yafe mini."