Mariƙin da Bai Saki Ba

Ya 'yan uwa, ranar da labarin ya iso wa Ruƙayya a unguwar Hajj Yusuf ta Khartoum, tana shanya kaya. Direban rakasha, wato keke mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hajja, yayanki na Omdurman ya rasu. Sai bayan kwana biyu aka ji."

An yi wani mutum, shi ne yayan nata. Aikinsa kula da kwamfutocin wani ofis a Khartoum. Takardun ma'aikata duka suna cikin babbar na'ura ɗaya, kowa na buɗe nasa daga teburinsa. Shi kaɗai aka ba izinin shiga ko'ina, don gyara.

Shi ya taɓa gaya wa Ruƙayya: duk wanda ya buɗe fayil, na'ura tana ba shi mariƙi, tana riƙe da sunansa har sai ya rufe. Ya san wannan sarai.

Sai ya fara leƙe. Ya karanta takardar asibitin wata ma'aikaciya, Malak. Ya gaya wa mutum ɗaya. Kafin mako, ciwon da take ɓoyewa ya zama hirar ofis. Ba wanda ya san bakin da ya fara.

Wata safiya ya sake buɗe takardar, aka kira shi fatur, karin kumallon da suke ci a kwano ɗaya. Ya tashi bai rufe ba. Malak ta zo buɗe takardarta, na'ura ta hana ta, ta nuna sunan mai riƙe da ita.

Ta same shi hannunsa cikin wake. Ta ce, "Ya ustaz, in ka gama karantawa, sakar mini."

Kowa ya janye hannu daga kwanon.

Aka sallame shi. Wane ofis zai ba shi amana kuma? Kunya ta hana shi zuwa ko wajen ƙanwarsa. Shekara huɗu yana ci shi kaɗai a ɗakin haya.

Ya 'yan uwa, na'urar da mutum ya ƙera ba ta manta da sunansa ba. To, mala'ikun da ke kafaɗunmu fa? Izinin shiga ba izinin leƙe ba ne. Allah Ya kiyaye mu daga cin amana, Ya yafe masa.

Har yau, kullum da hantsi, Ruƙayya kan zuba wake a kwano ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta sa hannu sai wani ya zo sun ci tare.